Saƙon Da Gajere Ya Riƙe Mini

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

An kwantar da Gajere a asibiti. Autarsa ce ta bugo waya ina tsaka da kwance kan wani keken ɗinki, hannuna duk baƙin mai. Ta ce, "Baffa, Baba ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace." Na ce ga ni nan. Na ajiye wayar, na ci gaba da ɗaure notunan da na kwance, ɗaya bayan ɗaya, har na gama. Ban san dalili ba.

Likita ya ce a jira. Shekara talatin da ɗaya ina jira a ƙofar mutumin nan, yau kuma wani yaro mai farar riga zai koya mini jira.

Abin da ya fara zuwa raina a cikin mota, ba zan rubuta shi ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Na gan shi. Gadon ya yi masa kaɗan, ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarshe kamar masu neman hanyar gudu. Dama don tsawon nan muka sa masa Gajere tun muna samari. An rataya masa ƙarin ruwa, ga wata na'ura a gefen kansa tana ƙirga bugun zuciyarsa, ɗis, ɗis, kamar an ɗauke ta aikin jan carbi. Na ce, "Direba, ina ka baro motar?" Ido ɗaya ya yi dariya. Bakin bai bi shi ba.

Bari dai in rubuta abin jiya, tunda takarda ba ta kai gulma. Ban ce a raina Allah ya tashi kafaɗarsa ba. Cewa na yi, saƙona fa?

Aminin shekara hamsin ke nan. Sannu, ni.

Laraba, 5 ga wata, bayan sallar asuba

In wani jika ya tsinci littafin nan wata rana, gara ya san wane saƙo ake nufi, kada ya zaci gona ce.

Mu biyar ne muke zama a bayan shagon Mai Guga. Ba malamin zaure ba ne, ba rawani, ba ɗalibai. Wanki da guga yake yi, da tsohon dutsen guga na gawayi wanda marikinsa ya sha ɗaurin tsumma. In an yi la'asar sai ya jingine dutsen, ya saki labule, mu zauna a kan ƙullin kayan mutane. Istigfari kaɗan, salati kaɗan, sai shiru. Shirun nan shi ne karatun. A waje motoci na ta ihu, mu kuwa kamar an sauke mu cikin rijiya mai sanyi. Har gobe in na ji ƙamshin riga mai ɗumi da sabulu, sai ƙirjina ya buɗe kamar an zare sakata.

Shi ya sa mini Garwashi. Zuciya gare ni a lokacin, ba ta wasa ba. Na taɓa jefa wa wani tela kan kekensa a kwata don ya ce ban iya aiki ba. Da Mai Guga ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ɗiga ruwa a dutsen, ya yi cuuu, ya ce, "Ka ji? Wannan ba gyara riga zai yi ba, huda ta zai yi."

Akwai wata kalma da ya karɓa daga malaminsa, shi ma daga nasa. Ba a rubuta ta, ba a faɗa wa mutum biyu. Baki ɗaya, kunne ɗaya. Makon da ya rasu ina wani gari, wani kamfanin ɗinki ya ɗauke ni gyaran kekuna arba'in. Na dawo na tarar an share ɗaki, an raba wa masu kaya kayansu. Gajere ya ja ni bayan shagon ya ce, "Ya bar maka saƙo a hannuna, kalmar nan. Ya ce taka ce, ba tawa ba, kada in kuskura in yi wuridi da ita. In riƙe, in miƙa maka ranar da na ga ka huce."

Tun daga nan, duk shekara sai na tambaya. Sai ya dube ni sama da ƙasa kamar mai duba taya, ya ce, "Da saura."

Sauran ukun duk sun riga mu. Shagon kuma yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya motsa yatsu biyu. Nas ta yi murna kamar ɗanta ne ya fara tafiya. Ni bakinsa nake kallo.

Asabar, 8 ga wata, da azahar

Auta ta zauna kusa da ni a benci na baranda. A kamfanin waya take aiki, ko barci take yi ina jin da abin sauraron wayar nan a kunnenta. A yatsarta akwai ɗan zoben roba mai lamba, tana dannawa, ƙis, ƙis. Na ce wannan fa? Ta ce, "Carbi ne, Baffa. Ba ya ɓata lissafi."

Na ce, "Wa ya ce miki ana binki lissafi?"

Ta yi dariya, sannan ta ce ta san zancen kalmar, tun tana ƙarama take jin uwarta na tsokanar Baba da shi. Ta ce in ina so ta duba mini a waya. Kafin in ce a'a ta buɗe. Ga mutane nan jere, kowa da fitila a fuskarsa: sirrin buɗi, sirrin kwarjini, sirrin da malamai suka ɓoye shekara dubu. Wani ma ya ce a danna masa ƙararrawa tukuna. Na ce, "'Yata, sirrin da mutum dubu ɗari suka kalla, ai ya fi kasuwa tonuwa."

Ta ce, "To naku me ya yi muku? Baba dai har ya ajiye tuƙi a gidan haya yake."

Na tuna, Mai Guga da kansa tabarma ɗaya ya bari.

Lahadi, 9 ga wata, bayan magariba

Tsohuwa, wato matata, ta ce kwana shida ke nan ina cin abinci kamar mai shan magani. Ta ce, "Malam, Gajere kake wa jimami ko kayanka?" Matar nan tun tana amarya ba ta iya zagaye ba. Na ce shayin ya yi sanyi.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Wata yarinya ta kawo keke na zamani, na lantarki, jikinsa duk roba. Na buɗe, ba abin da za a kwance, an narka komai an manne. Na ce mata wannan ba a yi shi don a gyara ba, an yi shi ne don a sayi wani. Ta ce ko dai ban iya ba ne, Baba.

Na yi murmushi, na ce mai yiwuwa. Da ta fita sai na kama kaina ina cewa, da Gajere ya ga wannan. Ashe shekara talatin duk haƙurin da na yi, da ɗan kallo nake yin sa. In mai babur ya zage ni, sai in ga Gajere a gefen titi yana duba taya.

Laraba, 12 ga wata, bayan la'asar

Ya ce "ruwa." Ya ce "Auta." Da na shiga ya dube ni ya ce, "Gar... Gar..." sai ya gaji. Na ce, "Bar shi, na san sunana."

Likita ya ja Auta gefe. Na ga yadda ta riƙe bakin mayafinta. Ban tambaya ba, amma na ji "zai iya maimaitawa" da "kowane lokaci."

Juma'a, 14 ga wata, da sassafe

Auta ta bugo. Wai tun asuba yake cewa a kira ni, ni kaɗai. Na yi wanka, na yanke farce, na sa farar rigar nan. Tsohuwa ta goge mini ita da kanta, da zan fita ta ce, "Allah ya sa a dace."

Juma'a, da yamma

Ya yi magana.

Asabar, 15 ga wata

Ban je ba.

Lahadi, 16 ga wata

Ban je ba. Na share shago, na jera kwarkwaron kekunan ɗinki bisa girma, na sake watsa su.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Tsohuwa ta tambaye ni ko a kai wa Gajere bargo. Na ɗaga murya. Kofin shayi ya bugi bango, ban san lokacin da ya bar hannuna ba. Ta tsaya tana kallon ɓaraguzan, sannan ta dube ni ta ce, "A'a, Garwashi, sannu da zuwa. An daɗe ba a gan ka ba." Ta ɗauko tsintsiya.

Rabon da in yi haka tun babban ɗanmu yana firamare.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

To. Ga yadda aka yi.

Na shiga, ya yi wa Auta alama ta fita. Na ja kujera, na yi bisimilla, na kai kunnena bakinsa. Maganar na fitowa guntu-guntu, kamar zaren da ke tsinkewa a allura. Ni zan haɗa ta a nan.

Ya ce, "Garwashi. Ta ɓata."

Na ce me ya ɓata?

Ya ce sau ɗaya Mai Guga ya faɗa masa, a kunne, yana numfashi sama-sama. Ya ce masa kada ya yi wuridi da ita. Shi kuma direba ne, shekara ashirin yana ɗaukar saƙon mutane daga tasha zuwa tasha bai taɓa buɗe ƙullin kowa ba. Sai ya ga ko a zuci ya maimaita ta, ai ya taɓa kayan da ba nasa ba. In ta taso masa yana tuƙi, sai ya kore ta, ya kama lissafin fasinja. Haka ya yi ta kora, don amana. A shekara ta huɗu, ranar da aka yi mini sata a shago na ce Allah ya isa kawai ban zagi kowa ba, ya ce a ransa yau rana ta yi. Ya juya ya ɗauko ta. Wayam.

Shekara ashirin da bakwai. Duk "da saura" ɗin nan, da duba ni sama da ƙasa.

Ya ce ya yi azumi a kanta. Ya je ya tsaya a ƙofar shagon, masu sayar da waya suka zaci ɓarawo ne. Ya ce, "Kunya. Kowace shekara... ta fi ta bara."

Hawaye na gangara ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Ni kuwa na miƙe, na mayar da kujera inda na ɗauko ta, na gyara mata zama sosai, na fita. Ko sallama.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Na zauna in yi zaman da na saba. Shirun bai zo ba. Abin da ya zo shi ne jerin malaman nan, baki zuwa kunne, baki zuwa kunne, wa ya san tun yaushe, ta ratsa yunwa da yaƙi da annoba, ta zo ta mutu a motar haya tsakanin tasha biyu. Da tatsuniya ce, da tsuntsu ya tsince ta ya kawo mini a taga.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Na faɗa wa tsohuwa. Ina jiran salati, sai ta zauna a bakin gado ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

Na ce, "Abin dariya ne?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Malam. Gajere nake gani yana ƙirga fasinja." Ta share ido. "Ni dai ban san me ke cikin kalmar nan ba. Amma na san mutumin da na aura, na kuma san wanda na tsufa da shi. Da an ba ka ita a shekara ta huɗu, da ka sa a aljihu ka koma jifa da kofi. Ni na ci moriyarta, ko ba a faɗe ta ba."

Na ce ashe ƙarya ce ta gyara ni.

Ta ce, "Oho. Ni ba malama ba ce. Ka sayo kofi."

Juma'a, 21 ga wata

Ban je ba. Na sayo kofi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta ta zo shago. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta tsaya tsakanin kekunan da aka manta da su, ta rasa inda za ta ajiye jaka. Ta ce, "Baffa, ban san me ya shiga tsakaninku ba, ba kuma na tambaya. Amma tun ranar ya ƙi abinci. An ce in bai ci ba zuwa Litinin za a sa masa roba ta hanci. Kwana yake yana motsa baki, yana gwada wasu kalmomi yana girgiza kai. Nas ta zaci ruɗewa ce."

Na ce aiki ya yi mini yawa. Ta dubi teburin. Ba komai a kai sai kwarkwaro a jere.

Har ta kai ƙofa ta juyo. Ta ce kullum in ta iso asibiti sai ta kashe mota ta zauna a ciki, ta kasa fita, ta kasa addu'a, kanta na ƙara kamar injin niƙa. Ta danna zoben nan har dubu uku, ba abin da ya ragu. Ta ce, "Ku da kuka san wani abu, ku ne kuma ba kwa magana da juna."

Ta tafi ta bar ni da wannan.

Lahadi, 23 ga wata, bayan azahar

Na je.

Ya rame, ƙafafun nan sun zama kamar sandunan tuta. Da ya gan ni bai tsaya gaisuwa ba, ya kama hannun rigata da hannun da ke aiki. Ya ce, "Ina jin... da Ya ta fara."

Na ce, "Gajere, rabin addu'o'in duniya da Ya suka fara."

Ya ce, "Akwai... lam a ciki."

Na ce, "Madalla. Saura haruffa ashirin da wani abu, mu gama kafin tashin kiyama."

Wani sauti ya fito masa, na zaci shaƙewa ce, har na miƙe zan kira nas. Ashe dariya ce take neman hanya ta rabin baki. Ni ma ta kama ni. Muka yi ta yi har mai gadon kusa ya ce don Allah a ji tausayin marasa lafiya.

Da muka lafa na ce, "Saurara, direba. Kayan wa aka ba ka?"

Ya ce, "Naka."

"To mai kaya ya ce ya yafe. Duniya da lahira. In kun haɗu da Mai Guga kafin ni, ka ce masa mai kaya ya sallame ka a tasha. In kuma ni na riga ka, zan tambaye shi da kaina, in ji wane irin mutum ne zai ba direba abu ya ce kada ya taɓa."

Ya rufe ido. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ka... huce."

Na ce, "Ka makara da shekara ashirin da bakwai. Kuma ranar Litinin na fasa kofi."

Na ɗauko kwanon da ke kan durowa, na ba shi a baki. Cokali bakwai ya ci. Rabi ya zube a rigata.

A hanyar gida na ji zafin abin ya dawo, ba zan ɓoye ba. Ba zan taɓa jin ta ba. Na ɗauka yafiya na cire ƙaya gaba ɗaya, ashe karya ta take yi, kan ya zauna a ciki.

Laraba, 26 ga wata

Ya ci. Ya zagi nas a kan allura, kalma huɗu a jere ba tsinkewa. Likita ya ce ci gaba ne.

Asabar, 29 ga wata, bayan magariba

An sallamo shi jiya. Ɓari ɗaya ba zai dawo ba, haka suka ce, sauran kuma sai yadda Allah ya yi. An sa masa gado a falo don ɗakinsa akwai matakala.

Na je da la'asar. Auta ta tare ni a ƙofa da ƙaramar murya. "Baffa, ya ba ka?"

Wallahi amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau, mai kwarjini, irin wadda za ta sa yarinyar nan ta riƙa duba ni da girma har in mutu. A nan na gane yadda ƙaryar ta yi wa Gajere sauƙi a karon farko. Na leƙa falo, ya ɗaga mini yatsu biyun nan, wai faɗa mata.

Na ce, "Ta ɓata a hanya, 'yata. Ubanki ya riƙe ta da kyau har ta ɓace."

Ta dube ni, ta dubi uban. Ta ce, "Shi ke nan? Ba komai?"

"Ba komai."

"To me kuke yi in kun zauna?"

Na ce ta saki labule ta gani. Ta saki. Ta ciro waya ta ce minti nawa za ta sa. Na ce ta kai ta kicin ta rufe da tukunya. Ta kai, ta dawo, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon, takalmin ofis na gefenta. Na ja istigfari, Gajere na bina da rabin baki, ita da cikakke. Sannan muka yi shiru.

A waje wani na ta danna hon. Firji na gurnani. Yatsarta na ta motsi a kan gwiwa tana neman abin dannawa, can sai na ga ta daina. Ban ce an sauke mu rijiya ba. Amma an ɗan jima ba wanda ya nemi komai a wurin kowa.

Sai Gajere ya fara minshari.

Auta ta buɗe ido ɗaya ta raɗa, "Baffa, wannan ma yana ciki?"

Na ce, "Tun zamanin Mai Guga."

Ta ce gobe ƙarfe nawa.